Littafin aiki: alƙalamin tawada daga tsohuwar roba mai tauri

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Sandunan sun iso hannuna. Guda biyar ne, asalinsu baƙaƙe, amma yanzu bayansu ya koma ruwan ƙasa da ɗan kore-kore. Huɗu kaurinsu kashi biyar cikin takwas na inci, wato milimita 15.9. Ta biyar guntuwa ce mai jiki, kashi uku cikin huɗu na inci, milimita 19 da 'yar ɗoriya. Daga shagon wani tsohon mai gyaran rediyo suka fito, Allah ya jiƙansa, 'ya'yansa ne ke kwashe kayan suka same su a ƙasan kanta, naɗe cikin jarida. Masu aikin lantarki na da suna ajiye irinsu saboda wuta ba ta bi ta cikinsu.

Kafin wani abu sai da na tabbatar ebonayit ce, wato roba mai tauri, don tsofaffin baƙaƙen sanduna iri-iri ne kuma a ido duk ɗaya suke. Gwajin ba ya buƙatar na'ura. Ka murza wuri ɗaya da babban yatsa har ya yi ɗumi, ka shinshina. Ebonayit tana fitar da warin farar wuta da ƙonanniyar roba, irin wanda ke tashi a mahauta in ana babbakar ganda da taya, sai dai kaɗan. Bakelite warin magani take yi. Seluloyid kuwa ƙanshin kafur, kuma wanda ya ji kafur ya yi hattara, don da ɗan zafi take kamawa da wuta. Duka biyar farar wuta suka ba ni.

Niyyata alƙalami ɗaya tukuna: baƙi, babu ado, irin wanda ake kwance wuyansa a ɗura tawada kai tsaye cikin gangar jikin.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Na yanke ɗan ƙarshen kowace sanda da zarto mai ƙananan haƙora don in ga ciki. Baƙi ƙirin, a dunƙule. Lalacewar a ɓawo kaɗai ta tsaya, kuma haka ebonayit take tsufa. Haske da laima ne ke cin farar wutar da ke saman, ta canja launi, har ta bar ɗan asid a jiki. Ƙasa da wannan ɓawon abin yana nan yadda aka dafa shi.

Na ce dafawa domin dafa ta ake yi. Ƙaron bishiyar roba ne ake cakuɗawa da farar wuta a gasa na sa'o'i masu yawa. Robar taya kashi biyu ko uku cikin ɗari na farar wuta ya ishe ta. Wannan kuwa ana zuba mata kashi 30 ko fiye, shi ya sa ba ta miƙewa, ta koma abin da za a iya sassaƙawa a yanka wa tiredi, wato murɗaɗɗun haƙora irin na noti. Thomas Hancock ya yi rajistar fasahar gasa roba a Ingila a ƙarshen 1843, Charles Goodyear ya sami tasa a Amurka a 1844, sannan ƙaninsa Nelson Goodyear ya sami ta roba mai tauri a 1851. Daga nan aka yi ta yin mataji da ita, da bakin lofe, da akwatin batir, har da dasashin haƙoran roba.

Masu alƙalami sun rungume ta ne saboda tawadar wancan zamani tana da asid, tana cin ƙarfe, ita kuwa ko a jikinta. Alƙaluman Lewis Waterman, wanda ya yi rajistar nasa salon harshen tawada, abin da ke kai tawada zuwa bakin alƙalami, a 1884, da ita aka yi su. Jan Duofold na Parker da ya fito a 1921 ma ita ce. Launi ne ya kayar da ita a kasuwa. A lokacin ebonayit ba ta cika wuce baƙi, ja, da gaurayensu ba, sai ga kamfanin Sheaffer da seluloyid mai launi-launi a 1924, Parker ya bi sahu a 1926. Amma ba ta mutu ba. A Rajahmundry ta Indiya gidan Ratnam ya fara yin alƙaluma a 1932, har Gandhi ya rubuta musu wasiƙa a 1935 yana yaba wanda suka aika masa, kuma har yau masu ƙananan injuna a Indiya da ita suke aiki. Ana kuma ci gaba da dafa sabuwa, a Jamus da kuma kamfanin Nikko Ebonite na Tokyo.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Biyu daga cikin siraran sun ɗan karkace, alamar sun daɗe a jingine. Na mirgina su a kan gilashi, suna tafiya suna ɗingishi. Ebonayit tana laushi tun zafi bai kai na tafasar ruwa ba, wajen digiri 70 zuwa 80, don haka na hura musu iska mai zafi ina jujjuyawa har suka saki jiki, na danne tsakanin katako biyu masu santsi suka huce a haka. Ɗaya ta miƙe sarai. Ɗayar ta rage kaɗan, zan yanka ta gajeru-gajeru don wuya da sauran ƙananan sassa.

Sai lissafi. A sabuwar sanda mutum yana zana alƙalaminsa ya sayo kaurin da ya dace. A tsohuwa sandar ce ke faɗin girman alƙalamin. In na fere ɓawon na kuma daidaita zagayen, milimita 15.9 za ta dawo wajen 14.4. Wannan ya isa gangar jiki mai tiredin murfi na milimita 13, amma bai isa murfin ba. Ramin milimita 13 cikin sanda mai 14.4 zai bar bango ƙasa da milimita ɗaya, kuma tsohuwar ebonayit tana da gautsi, ranar da aka ɗaure murfin da ƙarfi ranar zai dare. Saboda haka murfi dole daga guntuwar mai kauri zai fito, ita kuma guda ɗaya ce tak.

Abin da na tsayar: tiredin murfi milimita 13 da tazarar haƙora 0.8 mai mashiga uku, wato layuka uku da ke zagaye tare, tiredin wuya 10 da tazarar 1, baki lamba 6 na JoWo, masu yin bakin alƙalami a Berlin.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Ranar fira. A injin da ke juya sanda wuƙa tana fere ta, na kama sandar da marikin da ake kira kolet maimakon muƙamuƙin injin mai haƙora uku, domin kolet yana rungumar zagayen gaba ɗaya, haƙoran kuwa wuri uku suke matsa, kuma suna barin tabo.

Ɓawon ya fita gari-gari, ruwan ƙasa, da wari mai hawa kai. Da wuƙa ta kai ga lafiyayyen ciki sai sautin ya canja, sassaƙen ya fara fita a murɗe. Bai kai tsawon na sabuwar ebonayit ba, wadda ke fita zare-zare har ta naɗe sandar, amma dai a murɗe yake, kuma shi ne alamar da nake nema. Sandar da ta ci gaba da ba da gari har cikin cikinta ta ƙone, ba ta da amfani.

Dattijon da ya koya mini aikin injin ya leƙo da hantsi, ya tsaya yana kallo. Shi tagulla da ƙarfe ya sani, amma da ya ga wuƙar sai ya ce, "Kai ɗan nan, wannan bakin ya cika kwaɗayi. Kwantar da shi yadda muke yi wa tagulla." Na ce, "To, Baba." Na kai ta dutse na shafe gangaren saman, ya zama a miƙe, yadda za ta riƙa kankara maimakon nutsewa. Nan take fuskar sandar ta yi sumul. Ya kuma ce in bar wuƙaƙen kabayid da nake yanka ƙarfe da su, in riƙe ta ƙarfen da ake wasawa da hannu, don ita ce ke ɗaukar kaifin da roba ke so. Gaskiyarsa. Sai dai ebonayit, duk da taushinta a gaban ƙarfe, tana dakusar da wuƙa da wuri, dutsen wasawa bai bar gefen injin ba yini guda.

Takunkumi dole ne, taga a buɗe. Ko da hakan, mutanen gida sun ce in bar rigar aikin a waje.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Huji. Duk wanda ya lalata ebonayit, galibi a nan ya lalata ta, kuma dalilin guda ne: zafi.

In kana huda ƙarfe, ƙarfen da kansa yana kwashe zafin ya watsa a jikinsa. Ebonayit ba ta yin haka. Zafin da gugar ta haifar yana nan a cikin ramin, ba shi da mafita sai ta jikin bakin hujin da kuma sassaƙen da ke fitowa. In sassaƙen ya cushe a kwarin bakin, ƙofa ta rufe. Sai robar ta yi laushi, ta kumbura, ta shaƙe bakin, gugar ta ƙaru, zafin ya ƙara hawa. Daga nan abu uku ne, kuma babu na zaɓi: ko bakin ya kauce ramin ya karkace, ko bangon ciki ya ƙone ya yi kaushi ruwan ƙasa, ko sandar ta tsage a tsaye. Tsohuwa ta fi saurin na ukun. Kuma a waje ba ka ganin komai, sai an gama.

Ga yadda na bi da gangar jikin, mai ramin milimita 70 a zurfi. Na fara da guntun baki mai sa cibiya, don dogon bakin huji in aka sa shi a fuskar da ba ta da alama yawo yake yi kafin ya kama. Sannan milimita 5, sannan 7, sannan 8.5 har ƙasa. Bakin ramin kawai, inda tiredin wuya zai zauna, na buɗe zuwa 9. Ƙa'idar sananniya ce, ka cire tazarar tiredi daga kaurinsa, 10 a cire 1. Injin yana juyi wajen 400 a minti, ba fiye ba. Kowane shiga bai wuce milimita biyar ko shida ba sai in janye, in share kwarin da buroshi, in taɓa bakin da yatsa. In yatsa bai iya zama a kai ba, aiki ya tsaya. Da rami ya yi zurfi shigar ma raguwa take yi, don hanyar fitar sassaƙe ta yi tsawo.

Su ma bakunan hujin na yi musu abin da aka yi wa wuƙa, na ɗan shafe leɓen yankan da dutse. Sabon baki mai kaifin shago yana fizgar kansa cikin roba, musamman in yana faɗaɗa ramin da aka riga aka huda, kuma wannan fizgar ita ce ke fasa bakin sanda.

Maganar abin sanyayawa, masu wannan aiki ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Wasu iska suke hurawa, wasu ruwan sabulu, wasu mai. Ni ruwan sabulu nake ɗigawa a bakin, yana sanyayawa kuma yana wankuwa, ba ya barin maiƙon da zai gurɓata tawada daga baya. Illarsa a kan injin take. Garin ebonayit da ruwa in suka kwana a kan ƙarfe, da safe tsatsa za ka tarar, don haka na shimfiɗa tsumma a gadon injin, bayan an tashi na goge na shafa mai.

An ɗauke wuta ana tsakiyar bakin 7. Ban ji haushi ba, sandar ta sami hutun da take so. Abin lura kawai shi ne a janye bakin nan da nan, kada ya huce a ciki ramin ya tsuke a kansa.

Wannan tsukewar ma abin sani ce. Ramin da aka huda da ɗumi, in ya huce yakan ɗan ragu. Ban auna komai yau ba, sai gobe.

Lahadi, 1 ga Disamba

Na haska ramin da tocila. Bango sumul, baƙi har ƙasa, babu ƙuna.

Tiredi da hannu nake yankawa, injin a kashe, kan bayan injin yana riƙe da taf, ƙarfen yanka tiredin ciki, don ya shiga a miƙe. Rabin juyi gaba, ɗan komawa baya, a fitar a share. Na ciki na fara yi. Kafin in yanka na waje, na sassaƙa ɗan toshi daga ragowar sanda, na yi masa tiredi na ɗaura a ramin. Dalili kuwa, tsakanin tiredin ciki mai 10 da gindin na waje mai 13, bangon da ya rage wajen milimita ɗaya ne, kuma zoben yanka tiredi matsa shi yake yi. Da toshi a ciki bangon yana da abin jingina.

Mai mashiga uku yana da tsada kuma yana da wuyar kamawa a farko, amma ina ganin ya ci kuɗinsa. Kowane juyi ɗaya yana tafiyar milimita 2.4 maimakon 0.8, don haka murfi yana buɗewa kafin juyi biyu. Alƙalamin da sai an murɗa sau biyar kafin a rubuta lambar waya, a aljihu zai ƙare rayuwarsa.

A tiredi ne ebonayit ke nuna abin da ya sa ake jure warinta. Haƙoran sun fito cif, ba ɓalli, kuma in ka ɗaura biyu tare ba sa ƙara, ba sa cijewa. Akirilik ba ta ba ni haka.

Wuya ma ya samu yau. Gajere ne amma ramukansa hawa-hawa ne, kowanne da zurfinsa, ga tiredin gidan bakin JoWo mai 7.4 da tazarar 0.5, awon da ba ka samun taf ɗinsa a kasuwar kayan ƙarfe sai wurin masu sayar da kayan alƙalami.

Talata, 10 ga Disamba

Murfi. Hujin ya tafi lafiya, na tsaya a 12 na ƙarasa zuwa 12.2 da wuƙar ciki, na bar ɗan tudu a can ciki inda leɓen wuya zai zauna ya toshe iska, kada baki ya bushe.

Da na zo fere waje zuwa milimita 16, sai ga ɗan kogo kusa da rufaffen ƙarshen, girman kan allura. Kumfar iska ce da ta maƙale tun ranar dafawa, tana zaune a ciki shekara da shekaru. Na bi ta da siririyar waya, ta nutse fiye da yadda nake so. Akwai masu cike irin wannan da garin ebonayit da sufa gulu. Yana toshewa, amma bayan an goge wurin yana ƙyalli dabam, kuma in jikin ya fara tsufa cikon ba ya tsufa tare da shi. Na yanke ƙarshen gaba ɗaya, na yi wa wurin tiredin 10, na sassaƙa kai dabam daga karkatacciyar sandar nan na ɗaura. Murfin ya ɗan tsuke zuwa sama don su haɗu. Yanzu ma in na so maƙalin aljihu akwai inda zai shiga.

Asabar, 21 ga Disamba

Guga. Sanfefa 400, 600, 800, 1200, 2000, duk a jiƙe da ruwa mai sanyi. Bayan kowace lamba ina tsayar da injin in goga a tsaye, bisa tsawon jiki, don baƙar ebonayit ba ta ɓoye ko zobe ɗaya na ƙarzuwa. Daga nan man goge ƙarfe kaɗan a tsumma mai laushi. Faifan guga na inji ban matsa masa ba, shi ma zafi yake kawowa, kuma wurin da ya ƙone ruwan ƙasa yake komawa sai an sake bi da sanfefa.

Hunturu ya sauka sosai, ya zo da tasa matsalar. Duk wanda ya yi sakandare ya tuna sandar ebonayit ta darasin fiziks, wadda ake gogawa da gashin dabba ta riƙa ɗaukar gutsattsarin takarda. To ita ce wannan, kuma a busasshiyar iska abin ya fi ƙarfi. Ina gama gogewa ƙura na tsalle tana manne mata. Tsumma mai ɗan laima ne maganin.

Sheƙin nata ba irin na gilashi ba ne, mai zurfi ne, kuma a hannu ba ta da sanyi ko da asuba.

Asabar, 28 ga Disamba

Gwajin ruwa da farko. Na shafa giris na silikon a tiredin wuya, na cika, na ɗaure, na kwantar a kan farar takarda ya kwana. Babu yoyo. Silikon nake nufi, ban da basilin, duk da a wannan sanyi shi ne a aljihun kowa. Man fetur ne asalinsa kuma ba ya shiri da roba.

Cikin yana ɗaukar sama da mililita 3, alhali 'yar salkar da ake sa wa alƙaluman zamani ba ta kai mililita 1 ba. Aibin wannan salon sananne ne. In tawada ta yi ƙasa, iskar da ke ciki tana faɗaɗa da ɗumin hannu ta turo ɗigo a kan takarda. Rashin ɗaukar zafin da ya wahalar da ni wurin huji a nan ya zama alheri, domin ɗumin hannu ba ya saurin ratsa bangon. Duk da haka kada a bari ya sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin uku.

Na ɗura Pelikan 4001 shuɗi-baƙi, ya yi rubutu tun layin farko. Wani maƙwabcina malamin allo ya riƙe shi ya jinjina, ya tambaya ko zai sha tawadarsu. Na ce, "Allah gafarta Malam, wannan kam a'a." Tawadar allo da ƙaro ake haɗa ta, ga baƙin da ke cikinta gari ne. Alƙalamin kara ana tsoma shi a wanke, wannan kuwa ta siririyar hanya tawada ke bi a cikin harshe, ƙaro in ya bushe a nan ya liƙe ta.

Ajiya kuma sai a duhu, cikin aljihun tebur ko kube. Rana ce ta mayar da sandunan yadda na same su, za ta kuma yi wa alƙalamin haka in aka bar shi bakin taga. Wannan ce matsalar da ta sa kamfanin Namiki na Japan, wanda ya zama Pilot, ya shiga rufe ebonayit da ƙaron urushi tun shekarun 1920. Zoben azurfa ma na fasa sa masa, farar wuta baƙanta azurfa take yi.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Wani abokina da ya dawo daga Ingila ya kawo mini guntuwar tsohuwar sanda mai gaurayen ja da baƙi, irin zanen da ake gani a alƙaluman Waterman na shekarun 1920. Tsawonta bai kai taƙi ɗaya ba, kaurinta milimita 15.

Wannan sai an ƙara kiyayewa. Kafin jan launi ya rinjayi duhun roba sai an zuba garin launi da yawa, shi ya sa jar ebonayit ta fi baƙar gautsi. Kuma cikin abubuwan da aka yi amfani da su a da wurin ja akwai mai sinadarin makuri. Don haka babu busasshiyar guga ko kaɗan, takunkumi mai matata, ruwan gugar kuma a tara a gwangwani, ba a zubar a tsakar gida inda yara da kaji ke yawo ba.

Kaurin ba zai ɗauki tiredin 13 ba. Bayan fira zai dawo wajen 14, don haka sai 12 a murfi, 9 da tazarar 0.75 a wuya, da ƙaramin baki lamba 5. Tsawon ma ba zai ba da jiki da murfi da wuya duka ba, wuya da kan murfi za su fito daga baƙar da ta rage. Na yanke ɗan ƙarshenta yau, ciki lafiya, jan ma ya fi na waje haske nesa ba kusa ba. Na yi odar taf da zoben 12 mai mashiga uku. Kafin su iso zan gwada bakunan huji a kan yankin da na cire, in ga ko juyi 400 ya yi mata yawa.